Saƙon da Jibrilla Ya Kai Isa

A shekara ta biyu ta fari, Jibrilla ya yi shuka a gonarsa ta hanyar gulbi, rana ta cinye, ya sake, ta kuma cinyewa. Ta farko ta tsiro har ta kai idon sawu kafin ta kwanta. Ta ƙarshe ko ƙasa ba ta fasa ba. Duk da haka bai daina zuwa gona ba. Kullum bayan sallar asuba sai ya saɓa hauya ya tafi, ya zagaya, ya tona ƙasa da yatsa ko zai ji laima, ya dubi gabas, ya juyo. In ya iso gida kuma zama ya gagare shi. Ya leƙa rumbu da ya san babu kome a ciki, ya fita ƙofar gida, ya dawo, ya ɗauki igiya ya warware ya sake tufkewa.

Mutum ne dogo mai babbar murya, ɗan asalin Sabon Birni, a wata unguwa da ake kira Gangare. Tun yana saurayi an san shi da ƙin zama wuri ɗaya, amma da can aiki ne yake shanye wannan halin. Yanzu ba shi da aiki sai ranar kasuwa, da yake taya Alhaji Ɗanmusa sauke buhuna da awo. Alhajin falken hatsi ne mai kai-komo tsakanin garin da Maraɗi, kuma ɗan abin da Jibrilla ke samu a rumfarsa shi ke riƙe da gidan.

Rabin sa'o'insa sun tafi cin rani tun kafin lokaci. Shi ma kusan kullum sai ya ce wa matarsa Kadijatu gobe zai bi motar Kurmi, can kudu, in gari ya waye ya ce bari a ga ƙarshen wata. Ta daina amsa masa. Abin da kawai ta taɓa cewa shi ne ya riƙa yin sintirinsa a waje, don yara na kallonsa, in ya kasa zama su ma sai su kasa barci.

Ana cikin haka mai shela ya zagaya da maganar kuɗin ɗakin karatu. Shekarun baya, lokacin rumbuna suna cike, dattawan Isa da na Sabon Birni sun yarda a ɗora ɗan wani abu a kan kowane gida da kowace rumfar kasuwa, ban da haraji, don a riƙe ɗakunan karatu na garuruwan biyu. Daga ciki ake biyan mai kula da wurin, a sayi jarida da littattafai da batirin rediyo. An yi alkawarin in wa'adi ya cika za a sake tambayar jama'a. Yanzu wa'adin ya cika, kantoman ƙaramar hukuma ya ce kowace unguwa ta aiko mutum ɗaya Isa ya faɗi ra'ayinta, a sabunta ko a bari.

Mutanen Gangare suka taru a ƙofar masallaci bayan la'asar. Ba a daɗe ba wurin ya ɗau zafi. Wani ya ce ya sayar da akuyarsa ta ƙarshe a kuɗin da ba zai sayi tiya biyar ba. Wani ya ce ƙaninsa ya tafi cin rani, gidansa a rufe yake da ƙaya, shin ƙayar ce za ta biya? Baba Bawa, wani tsohon masaƙi da ya daina saƙa tun da idonsa ya yi rauni, ya ɗaga sanda ya ce a faɗa wa na Isa ba su da shi. Jibrilla ya fi kowa magana. Ya ji daɗin samun abin da zai yi wa faɗa, abin da yake da suna da mazauni, don sararin sama ba a yi masa faɗa. Ya ce ɗaki guda cike da takarda, da mutum guda mai karkaɗe musu ƙura, su ne za a cire wa yara daga baki a ba. Da mai unguwa ya tambaya wa za a aika, kowa ya juya ya dube shi. Alhaji Ɗanmusa, wanda yake da rumfuna da yawa kuma ya fi kowa biya, ya ce shi ma za shi a madadin 'yan kasuwa, kujerar gaba ta motarsa ta Jibrilla ce.

Ya koma gida da ƙarfinsa, ya ba Kadijatu labari tana tankaɗe ɗan garin da ya rage. Ta saurara har ya gama, sannan ta tambaye shi ko ya taɓa shiga ɗakin. Ya ce me zai kai shi, shi da bai yi boko ba. Ta ce ita takan je ran Alhamis da yamma, ranar da matar mai kula da wurin ke buɗe wa mata su ji rediyo, ya ma sani, mantawa ya yi.

"Malam, in manya sun tambaye ka mi ke ciki, mi za ka ce musu?"

Maganar ta bi shi har shimfiɗa. Ba ya son a kunyata shi a gaban kantoma. Washegari da ya dawo daga gona bai shiga gida ba, ya jingine hauya a zaure ya nufi bayan kasuwa, da niyyar ya ga ɓarnar da idonsa, ya sami abin faɗi.

Ɗakin tsohon gini ne na bulo, da rufin kwano da silin, shi ya sa cikinsa ya fi waje sanyi. A bakin ƙofa akwai randa da moɗa. Jibrilla ya zaci zai tarar da wurin fayau, sai ya tarar da takalma jibge a bakin ƙofa kamar na masallacin Juma'a. Bencina duk sun cika, wasu suna zaune a ƙasa sun jingina da bango. Magidanta ne, yawancinsu ya san su, manoma irinsa. Akwai 'yan makarantar sakandare kaɗan a lungu da littattafansu, sauran kuwa kowa ya riƙe tsohuwar jarida ko littafi mai hotuna. A bencin gaba, da jarida a buɗe a gaban fuskarsa, Baba Bawa ne, wanda ko fuskar mutum ba ya ganewa sai an matso.

Mai kula da wurin, Malam Maliki, tsohon malamin firamare ne, siriri, mai saurin fushi. Bai yi wa Jibrilla maraba ba. Ya dube shi ta saman tabarau, ya nuna masa randa, ya ce a wanke hannu kafin a taɓa takarda. Jibrilla ya ji haushi ya taso masa, ana sayen ruwa a gari, ga wani yana sa a zubar don takarda. Ya riƙe wannan a ransa, zai faɗa a Isa. Ya wanke, wani ya matsa masa, ya zauna a gefen benci da nufin ya ɗan duba ya tashi.

Da hantsi ya ɗaga Malam Maliki ya buga tebur, kowa ya sauke abin da ke hannunsa. Ya karanta jaridar Hausa da ƙarfi, wadda ta kwana biyu a hanya kafin ta iso. Ya karanta farashin gero a Gusau da Funtuwa, da labarin jirgin ƙasa da ya taso da masara daga kudu, da garuruwan da aka ce an yi yayyafi. In wani ya yi tambaya sai ya tsawata masa, daga baya kuma ya amsa. Da ya gama ya ɗauko wani littafin labari mai yagaggen bango, ya ci gaba daga inda ya tsaya jiya. Labarin wasu fatake ne da suka ɓata a hanya. Jibrilla bai ji farkonsa ba, amma ya tsinci kansa yana jiran ya ji ko za su sami rijiyar. Bai farga ba sai da ya ji kiran sallar azahar. Rabon da ya zauna wuri ɗaya haka tun kafin shukar farko.

A hanyar masallaci ya riƙe wa Baba Bawa hannu, ya tambaye shi yadda aka yi jiya ya ɗaga sanda, yau kuma ga shi a bencin gaba. Tsohon bai ji kunya ba. Ya ce a gida jikoki ke zuba masa ido, ko ba su ce kome ba ya san abin da suke tambaya. Wurin mai shayi in ka zauna sai ka saya. Majalisar ƙofar gidan mai unguwa ta watse, don kowa na tsoron wani ya roƙe shi abin da ba shi da shi. Masallaci kuma in an sallame sai a tashi. Nan ne kaɗai mutum zai zauna, ya sa takarda a fuska, babu mai tambayarsa kome, shi ma ba ya tambayar kowa.

Jibrilla ya ce to ashe sai a sabunta ke nan.

"A'a, ɗana. Ka tahi ka ce ba mu da shi. Ina son wurin, kuma ban da abin biya. Duka biyun gaskiya ne."

Wannan amsar ta fi damunsa fiye da in tsohon ya yi masa gardama. Washegari ya ce ba zai koma ba, ya koma. Jibi ma haka. Yakan zauna kusa da ƙofa don ya nuna ba zama ya zo yi ba, amma ba ya tashi sai an rufe littafin. Malam Maliki ya san sarai wanda Gangare ta zaɓa da abin da aka aike shi ya faɗa, duk garin an sani. Bai taɓa ɗaga maganar ba, bai kuma sassauta masa ba. Ran da Jibrilla ya lanƙwasa kusurwar wani shafi mai hoton injin ban-ruwa, a gaban kowa ya yi masa faɗa kamar ɗan aji ɗaya.

Da ya fito daga ɗakin sai rashin natsuwar ta dawo masa, har ta fi da. Ya je wurin mai unguwa ya ce a aiki wani, shi ba ya jin daɗin jikinsa. Mai unguwa ya ce an riga an aika da sunansa, kuma shi ne ya fi kowa iya faɗin abin. Sai ya shiga bin gidaje da yamma yana sake tambaya, ko zai sami waɗanda suka sauya ra'ayi ya fake da su. Gidaje da yawa ya tarar da ƙaya a ƙofa. Inda mata kaɗai suka rage, ta bayan zana suke amsa masa, mai gida ba ya nan, su ba su da ta cewa. Mazan da ya gani da idonsa a bencin ɗakin karatu su ma cewa suke a bari. Mutum ɗaya ce ta ce a sabunta, Tani mai ƙosai, wadda 'yarta Jamilatu ke shirin jarrabawar shiga makarantar horon malamai, kuma ba ta da littafi ko ɗaya sai na aro daga wurin Malam Maliki. Ta ce ko zanenta za ta sayar ta biya. Jibrilla ya dubi kaskonta da ya kwana biyu ba a ɗora shi a wuta ba, ya yi mata sallama.

Ranar taron suka tashi da sassafe a a-kori-kurar Alhaji Ɗanmusa. Hanyar Isa duk rami ce, motar na tafe tana tsalle. Gefe da gefe gonaki ne jajaye, ko kara babu. Suka riƙa wuce mutanen arewa da suka tsallako iyaka da ƙafa, mata da ƙwarya a ka, maza na kora 'yan shanun da suka rage, ƙashin haƙarƙarinsu a waje. A wani wuri mushe ne jere a bakin hanya, har direba ya toshe hanci da rawani.

Alhaji yana cikin raha. Ya ce in an rufe ɗakin zai nemi a ba shi hayarsa, don babu gini mai kyan rufi da ƙofar ƙarfe irinsa kusa da kasuwa. Yanzu hatsinsa a Maraɗi yake kwana saboda ba shi da wurin ajiya, kuɗin mota na hawa kan kowace tiya. In ya sami wurin zai sauke da yawa lokaci guda, ya sayar da sauƙi. Ya nuna mutanen da ke tafe a gefen hanya ya ce waɗannan ba jarida suke nema ba. Jibrilla ya juya ya dubi mutanen. Ya san Alhaji ba azzalumi ba ne, ya sha ganinsa yana ƙara wa tsofaffi hannu guda bayan an gama awo. Ya yi ta gyara zama a kujerar, har Alhaji ya tambaye shi ko cikinsa ne.

An yi taron a babban zauren sakatariya. Kantoma mutum ne mai ƙaramin jiki, da alamar gajiya a fuskarsa, ga hakimai a gefensa. Ya ce shi ba shi da ra'ayi, alkawari aka yi za a tambaya, shi ya sa yake tambaya, amma a sani hukuma ba ta da rarar da za ta riƙe ɗakunan in jama'a sun janye hannu, don duk abin da ke akwai ya tafi wajen haƙa rijiyoyi da jigilar abincin agaji.

Aka fara kira. Wani shugaban makaranta ya yi dogon jawabi rabi da Turanci, ya ce al'ummar da ta rufe ɗakin karatu ta rufe gobenta. Aka yi ta gunaguni a baya. Wani manomi ya miƙe ya ce shi daga Kamarawa ya dawo Isa da zama, a ƙauyensu ba a taɓa ganin ɗakin karatu ba kuma ba wanda ya mutu saboda haka. Aka yi dariya. Unguwa bayan unguwa, amsar ɗaya ce. Jibrilla na zaune yana murza hularsa a hannu. Duk maganganun da ya tanada, har da ta ruwan wanke hannu, sun tsere masa.

Da aka kira Gangare ya miƙe. Muryarsa ta fito ƙasa da yadda aka saba jinta.

"Ranka shi daɗe, mutanen Gangare sun aiko ni in ce ba su da shi. Na bi gida-gida na sake tambaya, mutum ɗaya ce ta ce a sabunta. Saƙon da aka ba ni ke nan, na kuwa isar."

Magatakarda ya rubuta. Ya kamata ya zauna, sai ya ci gaba da tsayuwa. Kantoma ya ɗago ya tambaye shi ko da saura.

Sai ya faɗi abin da ya gani. Bai tsara maganar ba, ta fito a hargitse. Ya ce waɗanda suka aiko shi su ce a rufe, su ne ke cika wurin tun daga hantsi har azahar. Ya ce akwai tsohon da ba ya gani amma kullum yana riƙe da jarida, bai faɗi sunansa ba. Ya ce magidanci in ya rasa abin da zai kai gida, yana bukatar inda zai zauna ba a kallonsa, in ba haka ba ko ya bar garin ko ya huce a kan iyalinsa. Ya ce shi kansa bai san harafi ɗaya na boko ba, amma tun da ya fara shiga bai fasa ba.

Kantoma ya ce to shi me yake so a yi, a karɓa ko a bari?

"Ban sani ba, ranka shi daɗe. In an zo gidana karɓa, ni ma ba ni da shi."

Wasu suka yi dariya, wani daga baya ya ce a aiko mutum ya zo ya ce bai sani ba. Jibrilla ya zauna. Amma maganar ta buɗe wata ƙofa. Wani wakili daga cikin garin Isa ya ce su ma haka ɗakinsu yake cika. Wani dattijo cikin hakimai ya sunkuya ya yi wa kantoma raɗa. Aka yi ta ja-in-ja har rana ta take. Daga ƙarshe aka tsaya a kan cewa a ɗauke wa gidaje kuɗin har sai an ga amfanin gona, amma rumfunan kasuwa da shaguna su ci gaba da biya, tun da ciniki bai tsaya ba, na hatsi ma ƙaruwa ya yi. 'Yan kasuwa suka yi ƙorafi, aka ƙirga hannuwa, suka sha kaye.

Da aka fito Jibrilla ya nufi inda aka ajiye mota. Alhaji Ɗanmusa na tsaye a jikinta. Bai ɗaga murya ba. Ya ce shi ya ɗauko mutum a motarsa, ya zaunar da shi a gaba, mutumin ya tashi ya ɗora masa kayan gari duka a ka. Jibrilla ya ce shi bai ambaci rumfa ba ko sau ɗaya. Alhaji ya ce ya sani, da ya faɗi saƙonsa ya zauna da ba a kai ga rumfa ba. Ya shiga mota, ya sa wani ɗan kasuwa a kujerar gaba, suka tafi suka bar shi tsaye.

Ba shi da kuɗin mota. Ya yi ta zagaya tasha, ya je bakin kasuwa ya dawo, har wani direban babbar mota da ke kai masarar agaji ya yarda ya hau bisa buhuna in zai taya saukewa. Rana na gab da faɗuwa suka shiga Sabon Birni, labari ya riga shi isa.

Mutanen Gangare sun ji daɗin an ɗauke musu, amma ba wanda ya gode masa. Wasu suka ce an aike shi da magana ɗaya ya faɗi biyu, gaba ba za a sake aikensa ba. Baba Bawa ya gane kansa a cikin labarin tsohon da ba ya gani, kowa ma ya gane shi, ya yi kwanaki ba ya amsa gaisuwar Jibrilla. Malam Maliki kuwa da ya gan shi cewa ya yi kuɗin rumfa kaɗai ba zai biya albashi da jarida da batir ba, an bar shi da rabin ɗaki, da an rufe gaba ɗaya da ya san inda ya nufa. Daga makon nan aka koma buɗewa kwana uku a mako, jarida ta koma ta Juma'a kaɗai. Ranar mata ce kawai ba a taɓa ba, don matar Malam Maliki ta ce ita dama ba a biyanta.

Ranar kasuwa Jibrilla ya je rumfar Alhaji kamar yadda ya saba, ya tarar da wani a bakin buhuna riƙe da tiya. Alhaji ya amsa gaisuwarsa da kyau, ya tambayi iyali, bai ce ya zauna ba. Ya tsaya kaɗan, ya wuce. Ya zagaya kasuwar tun daga 'yan dabbobi har 'yan gishiri yana neman wanda zai ɗauke shi dako, amma 'yan kasuwa duk sun ji abin da ya faru a Isa.

Da yamma ya gaya wa Kadijatu. Yana jiran ta ce ita ta jawo, da ba ta tura shi ɗakin ba da yanzu yana da aikinsa. Ba ta ce ba. Ta ce ƙaninta Ibrahima zai riƙa leƙo su, akwai kuma tasoshin aurenta da za a iya sayarwa in abin ya yi tsanani.

"Wannan karon in ka ce za ka tahi, ka tahi. Zamanka bai ƙara muna kome, kai ma yana cin ka."

Ya ce za shi. Motar Kurmi ta gaba da shi ta tashi, yana can bayanta, babbar mota ce mai kai shanun da masu su suka gaji da kallon mutuwarsu. Ya sauka Ibadan, a unguwar Hausawa, wani mutumin Isa ya sama masa aikin ɗaure huhun goro da lodinsa. Aikin na da wuya, barci a rumfa, ruwan sama kuwa kusan kullum, har yakan tsaya a cikinsa ya jiƙe yana jin haushin inda yake zuba. Duk wanda zai koma gida sai ya ba shi ɗan abin da ya tara ya kai wa Kadijatu. Ta bakin masu zuwa yake jin labari: an rasa yara da dama a Gangare da ciwon ƙyanda amma nasa suna nan, Baba Bawa ya rasu cikin azumi, Jamilatu ta ci jarrabawa ta tafi, Malam Maliki ya gaji ya koma Sakkwato wurin ɗansa, wani malamin makaranta ke buɗe ɗakin da yamma in ya tashi daga aji.

Damina ta gaba ruwa ya sauka a gida, ƙasar Gobir. Labarin ya iske shi a makare, ya baro Ibadan a ranar ko sallama bai yi da kowa sosai ba. Kafin ya iso Kadijatu da Ibrahima sun riga sun shuka rabin gonar da irin da suka samu wurin hukuma, gero har ya fara rufe ƙasa. Ya ƙarasa sauran da dawa.

Bayan an yi girbi aka sake kiran taro a Isa kan maganar gidaje. Gangare ta aiki wani, Jibrilla bai ma je ƙofar masallaci ba ranar, yana can yana ɗaurin dami. Aka mayar da kuɗin kan gidaje, amma ƙasa da na da. Da mai unguwa ya zo karɓa ya biya. Alhaji Ɗanmusa ya gina nasa ɗakin ajiya a bayan tasha. Da kakar ta yi kyau masu taya shi aiki suka yi masa kaɗan, ya aiko a tambayi Jibrilla ko zai dawo awo. Jibrilla ya ce a gaya masa sai ya gama kai dawarsa gida, in Alhaji bai sami wani ba kafin nan zai zo.